Ranar da Na Wanke Kiɗan Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa ba da bazarar shekarar nan da kuɗin man fetur suka malalo ƙasar nan kamar an fasa rumbu. Zafi ake zubawa na gaske, amma ba wanda ya damu, don kowa yana ɗokin sabon abu. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sababbin babura sun cika gadar Wudil, mai rediyo ɗaya ya ƙaro ta biyu. Ni ma na samu nawa: na gama ajin yaƙi da jahilci, ga kuma ɗana na fari ya dawo daga Ingila, inda aka tura shi koyon gyaran manyan injuna.

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa kamawa ba, ban kuma taɓa tsayawa na yi magana da shi ido da ido ba. Haka muka tarar ana yi. In abinci ya sauka sai na fuskanci bango na ce, "A gaya wa mutanen ɗakin ƙofar gida tuwo yana hucewa." Shi kuma ya amsa daga can, "An ji, Inna." (Bangon nan ya isar da saƙo fiye da gidan waya.)

'Ya'yan mutane suna dawowa daga Turai da agogo da kwat. Nawa da akwatin faya-fayan garmaho ya dawo, da injin juya su, da wasu sifiku biyu kowanne ya kai girman tukunyar biki, yana haɗa su da batirin mota. Ta taga nake leƙen yadda yake ji da su. Ba ya taɓa tsakiyar faifai, sai dai gefe da kan yatsu, ya hura, ya goge da wani ƙyalle rawaya, ya mayar cikin kwalinsa. Kwalayen kuwa sai ka yi bisimilla kafin ka duba. Wani da hoton doki ba kai, wani da ƙarti huɗu masu gashi har kafaɗa kamar an tsefe wa amare. Wanda ya fi ƙauna shi ne mai hoton tsuntsun ƙarfe yana aman wuta. Na ji yana gaya wa abokansa cewa a can ana kiransa kiɗan ƙarfe mai nauyi, wai har cin abincin rana ya daina na wani lokaci don ya mallaki mai tsuntsun.

Ni dai abin da kunnena yake ji shi ne injin niƙa ya haɗiye dutse, ga wani bawan Allah a ciki yana ihu a zo a cece shi. Na san kiɗa, na san rediyon Malam mijina, in ta fara irin wannan ƙara to ƙura ce ta shiga, sai a buɗe a goge. Sai tausayi ya kama ni. Na ce a raina an cuci yaron nan a ƙasar mutane, an sayar masa da kaya masu datti, yana ta fama da ɗan ƙyalle, kunya ta hana shi faɗa. Da wata uwa ce, tambaya ɗaya ta isa. Ni kuwa ina zan iya?

A lokacin yana neman auren Binta, wata malamar firamare 'yar Achika. Iyayenta sun ce magana tana hannun Gwaggo Tabawa, wadda ta riƙe ta tun yaye. In ta ce e, an gama. In ta ce a'a, ko Malam ya tafi da dattawan Sabon Gari kaf ba za a sake ba. Aka aiko cewa za ta zo gaishe ni ranar Asabar da la'asar. Kowa ya san gaisuwar nan, gida za a duba.

Ranar da safe maza suka fita, na share ko'ina, na wanke har abin da ba a wankewa. Daga nan idona ya faɗa kan akwatin. Na ɗebo rabin faya-fayan, na zuba a baho, na sa sabulun salo da soso, na dirje su da zuciya ɗaya. Takardun tsakiyarsu suka saɓule, na ce madalla, dattin ya fara fita. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda rana ta fi ƙarfi, na jera su, na shiga kicin ina jin daɗin kaina.

Ban fito ba sai da na ji sallama. Gwaggo Tabawa ce, tun kafin azahar, wai ta samu motar da za ta kawo ta, tare da wasu mata biyu. Muka yi ta gaisawa, gajiya, zafi, mutanen gida, amma rabin idona yana kan tabarma. Faya-fayan sun nannaɗe. Wani ya zama kamar kasko, wani kamar busasshen ganyen kabewa.

Gwaggo kunnenta yana da nauyi, sai an ɗaga murya, ni kuma ko kaza ba ta jin korata. Ta nuna da sandarta. "Waɗancan fa? Wane irin kilishi ne baƙi haka?"

"Na kiɗa ne," na ce.

"Na me?"

Ɗaya daga cikin matan ta ɗora baki a kunnenta. Sai Gwaggo ta washe. "Au, su ne abin da ake ta labari har Achika? To a sa mana mu ji, mu san abin da 'yata za ta riƙa ji."

Na zaɓi wanda lanƙwasarsa ta fi sauƙi. (Daga baya na gane shi ne mai tsuntsun.) Na shiga ɗakinsa, na yi duk yadda na saba gani ta taga: na maƙala wayar batir, na ɗora faifai, na sauke allura. Da na ga wani ɗan maɓalli, sai na murɗa shi har ƙarshe, a nufina na rage murya saboda baƙi.

Jama'a! Ban san ko rufin kwano ne ya tashi ko kaina ba. Kuma da yake faifan ya lanƙwashe, mai ihun sai ya hau sama ya faɗo, ya hau ya faɗo, kamar raƙumi ya taka garwashi. Kajina suka haura katanga. Akuya ta tsinke igiya ta bi ta kan ƙwaryar furar baƙi. Mace ɗaya ta yi zaure ba takalmi tana salati, ɗayar ta shige bayan turmi. Maƙwabciyarmu ta faɗo da bokitin ruwa tana tambayar ina wutar take. Ni kuwa na manta yadda ake kashewa. Na yayumo bargo na lulluɓe sifika ɗaya, na rungume ta ina jijjigawa ina cewa, "Yi shiru, yi haƙuri." Ɗayar ta ci gaba da nata.

Can sai na hango ɗan nawa ya shigo a guje, ya jefar da babur a ƙofar gida. Ban san lokacin da na buɗe baki na ƙwala masa kira ba. Da sunansa. Sunan yanka, cikakke, da iyakar ƙarfina. A daidai wannan lokacin ya ɗaga allurar. Gida ya yi tsit, ba abin da ya rage a sama sai muryata da sunan ɗana na fari, a gaban surukai.

Da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Ya fita tsakar gida, ya tsuguna gaban tabarmar, ya ɗauki ɗaya yana juyawa. Ya daɗe. Na ja mayafi na rufe fuska, na fuskanci bango na ce a hankali, "A gaya wa mai kayan, datti ne ya yi musu yawa, shi ya sa suke wannan ƙarar."

"Inna," ya ce, "haka suke. Haka aka yi su."

"Da gangan?" Na sake mantawa da bangon.

"Da gangan, Inna." Sannan ya ƙara da cewa, "Sannu da aiki. Sun fita fes."

Duk wannan abu Gwaggo Tabawa ko motsi ba ta yi ba, tana zaune fura ta jiƙa mata gefen zane. Ta dube ni ta ce, "Ashe dai kin san sunan nasa. Ko ni na ji wannan." Matan suka fashe da dariya, har mai bokiti. Sannan ta juya wajensa. "Kai, zo nan. Rabon da na ji kiɗa har cikin ƙirjina na manta. Wannan shi ne kiɗa, ba irin na rediyo da suke motsa baki kawai ba." Ta buga sandarta a ƙasa. "Yaron da aka narkar masa da dukiya ya ce wa uwarsa sannu da aiki, ba zai ɗaga wa 'yata murya ba. A turo manya. Amma ke, in an kawo kayan ɗakin Binta, don girman Allah kada ki taimaka mata da wanki."

Abin da na koya, wanda ba a koya mana a aji ba, shi ne ba duk abin da ya dame ni ne yake da datti ba. Kuma tambaya ɗaya a ɓoye ta fi arha a kan kunyar da na sha a bainar jama'a.

Washegari da safe na ajiye masa kokonsa a bakin ƙofa. Na ɗauko kujerata da tiren shinkafa na zauna ƙarƙashin tagarsa, na ce wa bango, "A sa ɗaya daga cikin waɗanda ba a wanke ba, a ji." Sai ya sa mai ƙartin nan huɗu. Kajin da suka dawo da asuba suka sake haura katanga. Ni kuwa na zauna ina tsintar shinkafata, na saurare shi tun daga farko har ƙarshe. Amma Allah ya sani, hannuna yana ta ƙaiƙayin soso.