Tafin Hannuna da Idon Yaya Sani

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ɗauke ni ranga-ranga zuwa asibiti ina salati, alhali ko ƙwarzane babu a jikina.

A shekarun da ake ta rushe gidaje don faɗaɗa Harami ne. Ina da 'yar rumfa a unguwar Tandabawi inda nake liƙe butoci da gyaran risho. Mahaifina maƙerin bindigar toka ne a ƙasar Kano, kuma wannan gadon shi ne abin taƙamata a kowane zama (gaskiyar magana, iyakata hura masa zugazugi kafin mu kamo hanyar Sudan zuwa ƙasa mai tsarki).

Yayan matata, Yaya Sani, yana kiwon awaki can bayan iyakar Harami, wajen Wadi Fatima. Kyarkeci ya addabe shi, yau ɗan akuya gobe ɗan akuya. Yana da tsohuwar bindigar soja da ya samu wurin wani Badawi, Balaraben daji, amma harsashinta ya yi wuya, sai kwanso fanko da yake tarawa a gwangwani. Ina ganin gwangwanin bakina ya riga hankalina.

"Yaya, ai wannan aikin gidanmu ne. Ku kawo in cika muku."

Ya samo mini hulunan gindin harsashi masu tayar da wuta, da dalma, da wasu harsasai na wata bindiga daban. Na farke su na juye albarushin wuri guda. Na ga bai yi kama da baƙin garin albarushin da na sani ba, amma na ce albarushi ai albarushi ne. A gidanmu da tafin hannu ake awo, kuma maharbi yana yabon maƙeri ne da ƙarar bindiga. Don haka na auna da tafi, na ƙara kaɗan saboda surukuta.

Da hantsi muka fita gwaji, makiyaya maƙwabtansa suka taru kallo. Yaya Sani ya kafa gwangwani kan dutse ya ja kunama. Ƙarar ta watsa awaki, bindigar ta hankaɗa shi baya. Ya zo buɗe sakatar bindigar ta ƙi, sai da ya buga ta da dutse. Ya ɗauki kwanson yana juyawa. Hular da ke gindinsa ta baje ta lafe kamar an bi ta da guga, ga baƙin hayaƙi zagaye da ita.

"Ƙanina, ba haka take yi ba fa. Sakatar nan da yatsa biyu nake buɗe ta."

"Ƙarfi ke nan, Yaya! Da can yunwa take ji."

Makiyayan suka yi dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Harbi na gaba kwanson ya fito da tsaga a wuya. Na gani da idona. Wallahi na gani, na sa ƙafa na tura shi cikin yashi don kada a ƙure ni a gaban Larabawa. Yaya Sani ya ce, "Halas, mu bar shi haka." Ni na matsa masa. Na ce idan ya tsaya yanzu, za a ce bai yarda da mijin ƙanwarsa ba. Kunyata ya ji, ya sake ɗorawa a kafaɗa.

Bindigar ta fashe ta baya, daidai fuskarsa.

Ina tsaye dab da shi, jini ya wanke mini gaban riga. Na zube ina ihu na mutu, a kira mini matata, a yafe mini. Ihuna ya fi na kowa, don haka ni makiyayan suka fara ɗauka suka shimfiɗe a bayan wata motar ruwa. Yaya Sani da kansa ya hau, ya danne fuskarsa da rawani, yana ce mini, "Yi haƙuri, ƙanina, yi ta salati."

A asibiti wani ma'aikaci ya yage rigata, ya juya ni gaba da baya, ya ce, "Ya shaikh, ina ciwon?" Babu. Jinin ba nawa ba ne. Mai jinin yana zaune kan benci yana jiran a gama da ni. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

Idonsa na dama ya tafi, da babban yatsa. Ya sayar da awakin ya dawo unguwar Misfala yana sayar da tasbaha. Matata ta yi wata ba ta haɗa ido da ni ba. Shi kuwa bai taɓa tayar da maganar ba, abin da ya fi zagi ciwo. Abu ɗaya ya roƙe ni: idan za mu Harami in riƙa tafiya ta damansa, saboda mutane suna bangaje shi ta gefen da ba ya gani.

Na koyi cewa idan ƙarfe ya ƙi buɗuwa, gargaɗi yake yi, kuma tafin hannu ba ma'auni ba ne. Na daina ambaton gadon ƙira ko da wasa. Amma darasin ba a barin ni in manta da shi. A sahu ma ta damansa nake tsayawa, kuma duk sallar da aka idar, idan ya juyo yin sallama, wannan ramin idon ne yake fara yi mini.