Motata Tana Fizga, Kawu Yana Salati

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce motata ta yi mini abin da ba ta taɓa yi ba a shekara tara da muke tare. Tsohuwa ce, ƙofar baya sai daga waje ake buɗe ta, amma ba ta taɓa kunyata ni a gaban manya ba sai ranar.

Ina da kawu a Argungu, Kawu Maigandi, masunci. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, ya bar shiga gulbi, ko masallaci sai an riƙe masa hannu. Sai aka yi shela a rediyo cewa wani babban mutum, Mai Girma Uban Marayu da Masu Iyaye, ya kawo likitocin ido Birnin Kebbi, aiki kyauta, yini ɗaya tak, kuma ƙarfe sha biyu za a rufe rubuta suna. Na ce ko da goyo ne sai na kawo Kawu.

Ina idar da sallar asuba na bar unguwarmu Badariya, nan Birnin Kebbi, na shiga layin mai. Sabon gidan mai ne, a bakin ƙofarsa akwai allo mai girman bangon ɗaki, an rubuta cewa kwamiti mai ƙarfi ya duba ya tabbatar da ingancin komai. Na san kwamitin. Ranar da suka zo dubawa motoci goma sha ɗaya suka taho da su, suka zauna a rumfa suka ci kaji, aka ɗauki hoto, suka tafi. Aiki ne mai wahala, Allah ya saka musu. Awa biyu da rabi na yi kafin a zuba mini, na ɗauki maƙwabcina Hodi don ya taya ni riƙe Kawu, muka kama hanya.

A tafiya motar ta ɗan yi tari sau biyu, na yi kamar ban ji ba. A dawowa ne ta fito da halinta. Da na taka totur sai ta fizga gaba, ta shaƙe, ta sake fizga. Hular Kawu ta faɗo kan cinyarsa.

"Nu'uman," in ji Kawu, "doki ka aro ko mota?"

"Mota ce, Kawu."

"To wagga mota ba ta son mu. La'ilaha illallahu."

Hodi, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba amma ya yi shekara talatin yana masinja a ofis, ya gyara zama ya ce fulogi ne. Da ta ƙara fizga ya ce a'a, giya ce. Da muka faɗa wani rami ya ce a iya saninsa, irin wannan matsala ba a gaggawa da ita, sai a zauna a tattauna. Kafin mu kai Ambursa ta yi fizgar ƙarshe ta mutu a gindin wata bishiya. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata.

Na kira Dele. Dele bakanike ne, iyayensa daga kudu suka zo, amma a Birnin Kebbi aka yanke masa cibi, Hausarsa ta fi tawa Kabanci. Bai ce mini sannu ba, tambaya ya shiga yi.

"Malam, in tana tsaye tana fizga, ko sai ka taka ta?"

"Sai na taka."

"Wuta ta kawo a gaban sitiyari?"

"Tun bara take kawowa."

"Bar wannan. Mi ka ba ta yau?"

"Mai. Daga sabon gidan man nan."

Ya ce kada in taɓa komai, ga shi nan zuwa.

Cikin minti ashirin da biyar ya iso a kan babur, da jakar kayan aiki a wuya. Ya durƙusa ya gaida Kawu, sannan ya buɗe gaban mota. Ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya hura, ya mayar. Lafiyarsu lau. Hodi ya ce shi ma dama bai yarda da fulogi ba. Dele ya taɓa wayoyin wuta, ya ciro filtar iska ya kaɗe. Ya ce in murɗa makulli kada in tayar, ya kara kunne wajen tanki, ya ce famfon mai yana aiki. Sai ya cire tiyon mai, ya tara wata gorar roba, ya ce in sake murɗawa. Ya ɗaga gorar sama muka zuba mata ido. A hankali abin da ke ciki ya rabu biyu, fetur a sama, ruwa a ƙasa, ruwa garai-garai har kusan rabin gora.

"Ga ciwonta," in ji Dele. "Tun ruwan sama na makon jiya tankinsu na ƙasa ke yoyo. Taka ce ta huɗu da na gani."

Kawu ya ce a miƙo masa gorar. Ya shinshina, ya jijjiga ta kusa da kunne. "Shekara hamsin ina cikin ruwa," ya ce, "ban taɓa jin an bi layi an saye shi a zuba ma mota ba."

Dele ya ce sai an sauke tanki an wanke, aikin awa biyu ne. Na dubi agogo, sha ɗaya da rabi ta gota. Kawu bai ga fuskata ba, amma ya ji shiruna. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Maishe ni gida. Na saba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Dele ya goge hannu a wando ya ce, "Baba, kun taɓa hawan babur?" Muka ɗora Kawu a tsakiya, ni a baya na rungume shi, Hodi ya zauna gadin mota yana ba ta shawara.

Sha biyu da minti ashirin muka isa asibitin da za a yi aikin. Muka tarar da tsofaffi sun fi ɗari uku a zaune cikin rana, likitoci sun harɗe hannu, ko rajistar ba a buɗe ba. Wai ba za a taɓa idon kowa ba sai Mai Girma ya zo ya yanke ƙyalle. Bai iso ba sai bayan la'asar, da jiniya da maroƙa, ya yi jawabin awa guda a kan muhimmancin kiyaye lokaci. A nan dole in yaba masa. Da mutum ne mai cika alkawari, da yau Kawu yana Argungu cikin duhu. Masu cewa makarar manya ba ta da amfani su zo su same ni a Badariya.

Likitocin, Allah ya yi musu albarka, suka ƙara yini guda don kansu. Ranar Laraba aka yi wa Kawu aiki, ranar Alhamis aka cire bandejin. Ya ƙifta ido, ya dube ni ya ce na tsufa. Ya kama hannun Dele da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Da muka fito harabar, sai ya tsaya cak a gaban wani ƙaton hoton Mai Girma da aka kafa, yana murmushi da haƙora talatin da biyu.

"Nu'uman, wanga ba shi ne ya zo bakin gulbi shekara bakwai da sunka wuce ba, ya ce zai ba kowane masunci jirgi mai inji?"

"Shi ne, Kawu."

Ya ƙara matsawa kusa, ya dube shi sama da ƙasa. "Ya yi ƙiba," ya ce.

Tsofaffi uku da aka buɗe wa ido a ranar suka taho suka tsaya kusa da shi, kowa yana tuno nasa alkawarin. Ni dai shawarata ga duk mai yana a ido, in ya ji an sake yin shela ya yi sauri. In labarin abin da tsofaffin nan suka fara gani ya kai kunnen manya, ba na jin za a kuma kawo likitocin kafin zaɓe.