Ranar da na tsere wa jirgina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikan Kawu ba, ko da kuwa zan so in manta. Su ma mutanen unguwarmu a Gadarif ba su da niyyar bari in manta.

Tun ina sakandare a Khartum nake haɗa ƙananan jiragen sama, irin waɗanda ake sayarwa a kwali gutsi-gutsi, ka zauna da gam da hantsaki ka liƙa, ka goge, ka yi fenti. Kabad guda na cika da su. Da yaƙi ya kore mu, matata ta ɗauko takardunmu da tufafi, ni kuma na ɗauko kwali ɗaya da ban buɗe ba. (Har yau idan muka yi faɗa sai ta tuna mini cewa bargo na fitar daga jaka don kwalin ya shiga.)

Muka sauka a gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata. Shekara ta zagayo muna ɗaki ɗaya, ba aiki, ina cin tuwon dawar mutane kaina a ƙasa. Sai Kawu ya ce akwai wani Alhaji Bashir mai gonakin riɗi a Simsim, yana neman mai hannu da zai riƙa yi wa motocinsa fenti da rubutu, har da ɗaki zai bayar. Zai zo suna ranar Juma'a.

"Ka nuna masa kai mai natsuwa ne, halas, shi ke nan," in ji Kawu. "Sauran ka bar mini."

Ni da wayona sai na ce baki ba ya nuna hannu. Na buɗe kwalin nan don in haɗa jirgin in nuna wa Alhaji. Kwana shida ina kansa. Fikafikansa sun kai kamu guda, kujerar matuƙin kuwa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, amma sai da na zana mata ɗamara. Na goge kowace gaɓa har ba a gane inda aka haɗa. Na yi masa fenti ruwan toka, na rubuta sunana da siririn buroshi a ƙarƙashin fiffike kamar yadda na saba. A kwanakin nan shida kaɗai na ji kamar ina da gida.

Safiyar suna na yi shafin ƙarshe. Ɗanyen fenti ba ya son yatsa, gidan kuma cike da baƙi, don haka na ɗaure jirgin da zaren kamun kifi na rataye shi a reshen dogon yaro, can sama, daidai saitin rumfar maza. Na shiga wanka ina yaba wa kaina.

Na fito na sa jallabiya, na gaida Alhaji Bashir da hannu biyu, aka zaunar da ni kusa da shi. An kawo tire ke nan iskar damina ta taso, wata raksha, keke mai ƙafa uku, kuma tana ta gurnani a bayan katanga. Sai na ji wata mata ta ƙwalla ƙara: "Musayyara!"

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane ba. Musayyara shi ne jirgin nan mara matuƙi da ke sako wuta. Rabin baƙin nan daga Khartum da Jazira suka gudo, kowa ya san wanda ya rasa. Wuri ya yamutse.

Ga abin da ban taɓa faɗa da bakina ba: ni na fara gudu. Ban ɗaga kai ba, ban tuna komai ba. Na taka tiren miya, na bangaje Alhaji Bashir har rawaninsa ya warware, na faɗa ɗakin mai jego na shige ƙarƙashin angarib, gadon igiya, ina salati da ƙarfi. Har ina ce wa mata su kwanta ƙasa, wai ni na san waɗannan abubuwa.

Gwaggo Hawwa, matar Kawu, ita ce ba ta gudu ba. Ta ce ta tsufa da gudu. Ta sa gorar shanya ta kaɗo abin, ta bi shi da taɓarya har sau uku. Daga ƙarƙashin gado na ji ƙarar, kuma a nan ne zuciyata ta gaya mini abin da ya fashe.

Kawu ya leƙo, fiffike a hannunsa.

"Ya waladi, ɗana, fito. Wannan ba sunanka ba ne?"

Na fito da miyar kuɓewa har gwiwa. Da an yi dariya da na ji sauƙi, amma ba wanda ya yi. Wata tsohuwa daga Madani tana zaune a ƙasa, ana ba ta ruwa ta kasa riƙe kofin. Ban taɓa jin na tsani hannuna kamar lokacin ba.

Alhaji Bashir ya karɓi fiffiken ya juya shi, ya daɗe yana kallon rubutun.

"Hannu kwayyis, wallahi, aiki ya yi kyau," ya ce wa Kawu, ba ni ba. "Amma Malam, wanda ya firgita unguwa kuma ya riga kowa gudu, ina zan ba shi makullin mota?"

Shi ke nan. Har yanzu muna ɗakin Kawu, kuma a unguwa sunana ya koma Kaftin. Na tattara gutsattsarin a gwangwanin madara, kujerar matuƙin ce kawai ta tsira lafiya.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar da mutane ke tsoron sama, ba a rataye komai a sama. Idan Allah ya sa na sake samun wani kwalin, a ƙarƙashin gado zan shanya shi. Wurin ba ƙura, ba iska, kuma na riga kowa saninsa.