Nektayin Alhaji Jibi

Allah ya yi wa Katsina baiwa da masana, amma bai yi kamar Alhaji Badamasi na Ƙofar Guga ba. Mu dai talakawa yau muke gani, masu ido su hango gobe. Shi kuwa jibi yake kallo, shi ya sa 'yan kasuwa suka laƙaba masa Alhaji Jibi. Ya ɗauka sarauta ce, har ya sa aka rubuta a ƙofar shago.

Shagon na shadda ne, gadon ubansa, kuma da shi gidan ke cin tuwo.

Shekarar da soja suka shirya komawa bariki, Alhaji ya tafi Legas wani taron 'yan kasuwa a otal. Ya yi barci a cikin sanyin na'ura, ya farka daidai lokacin da mai jawabi ke cewa duniya na shirin zama ƙauye ɗaya, mai saye a ko'ina zai so abu iri ɗaya. Ya waiga dama, kwat. Ya waiga hagu, kwat. Kowa ya shaƙe wuyansa da wannan igiyar da ake kira nektayi. Nan ilimi ya sauko masa.

Ya dawo da tabarau wanda ba likita ya ba shi ba. Ya tara maƙwabtan shago.

"Ku saurara, ku da ba ku taɓa wuce Funtuwa ba. Mai sayen gobe ba ya son yadi mai yawa. Farar hula na zuwa, ofis za shi buɗe, babbar riga ta mutu. Ni hwa na gani da idona."

Hajiya Safara'u, matarsa, ta ce, "Alhaji, a wannan zafin wa zai shaƙe kansa?"

"Ke kina maganar zafi, ni ina maganar duniya."

Ya karyar da shaddar kaf ga maƙwabcinsa Lawal, har yana tausaya masa. Ya cika shagon da nektayi, ja da kore da mai ɗigo-ɗigo, suna reto kamar kilishin da aka shanya.

Farar hula ta zo. Wayyo, ta zo da babbar riga! Kansila sai ya ɗinka uku, ciyaman sai mai aska tara, masu yi musu kirari ma sai da shadda. Mutane suka yi layi a shagon Lawal har bakin shagon Alhaji, suna neman inuwa a rumfarsa. Shi kuwa yana zaune cikin kwat, gumi na bin bayansa, yana ce musu, "Kasuwa ce ba ta iso inda nake ba tukuna."

Sai ga Ɗanliti tela, wanda ɗinkin 'yan siyasa ya hana shi sakat. Ya ja nektayi ɗaya, ya ga ƙwari, ya ce a ɗaure masa duka, a farashin tsumma. Hajiya ta riga ta ce buhun gero ya kai ƙasa, don haka Alhaji ya sallama.

Ya bi shi har waje yana ɗaga murya don Lawal ya ji. "Kun gani? Na ce za a nema! Malam Ɗanliti, wane babban mutum ne zai ɗaura a wuya?"

"Wuya kuma, Alhaji? Zariyar wando ce ta yanke mana."

Ranar rantsuwa duk manyan gari sun sa kayan Alhaji Jibi. Sai dai ba wanda ya gani, don sai an ɗaga riga.