Yadda Za Ki Ƙafar da Nononki Cikin Mako Uku, da Digirinki a Hannu

Ke mai sabon jego, in kina son nononki ya ja baya ba ciwo ba sammu, kin zo wurin gwana. Shekara shida na yi a Rabat ina karatun ƙididdiga. Na dawo Tajaye, na haihu, na gwada hanyar nan a jikina da na ɗana Mahmud. Ta yi aiki. Ki bi matakan daidai, mako uku ya ishe ki.

1. Ki zo wanka gida da littafi

Haihuwar fari, a gidan iyaye ake jego. Ki shigo da littafin reno na faransanci, mai hoton jariri yana barci shi kaɗai a ɗaki mai labule. Kada ki duba shekarar da aka buga shi. Nawa ya girme ni.

Goggo, ƙanwar babanki, wadda ta yi wa rabin matan unguwa wankan jego, za ta miƙo miki kunun kanwa. Ki tambaye ta ko an taɓa bincike a kansa.

"An yi," in ji tawa Goggon. "Ke ce sakamakon, ga ki nan da dogon baki."

2. Ki rufe buro, wato ofis, da dare

Ki ja layi a takarda. Shan nono kowace awa uku, minti goma dama, minti goma hagu. Daga ƙarfe goma na dare zuwa kiran assalatu, a rufe. Mutumin da bai koyi tsari a kwana ashirin na farko ba, yaushe zai koya?

3. Ki bar Goggo ta yabe ki

Wannan ne ginshiƙin aikin. Yaro zai yi kuka. Ki juya wa bango fuska, kina ƙirga mintoci a waya. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta rawar jiki a kansa gaban manya. Goggo za ta ɗauka abin da kike yi ke nan. Da safe za ki ji ta bakin murhu tana gaya wa maƙwabta:

"Kun ga ɗiyar wana? Har Maroko ta tai, ta dawo da kunyarta. Yaro na tsala kuka, ko kallonai ba ta yi gabana."

Kullum cikin dare za ta tashi ta fita tsakar gida, ta daɗe, don ki samu ki ba shi a ɓoye. Ki ɗauka cikinta ne ya ɓaci. Ni har magani na ba ta.

4. Ki auna, ki tsorata, ki yi tanadi

Safiyar farko za ki tashi ƙirji kamar duwatsu, riga a jiƙe. Ki rubuta: nasara. Da yamma zai yi laushi, kamar na kowace mai shayarwa. Ki rubuta: matsala. Ki matsa cikin kwalba, ki ɗaga ta wajen haske, ki ga bai rufe gindinta ba. Sai ki tsallake shan magariba don ya taru, tunda randa ma haka ake mata.

Bayan kwana goma, duwatsun safe ma za su tafi.

5. Kada ki kula da zare

Ranar suna Goggo ta ɗaura wa yaro baƙin zare a wuyan hannu. Yanzu yana zamewa har tsakiyar tafin hannu. Ki kawar da kai, zare ba ma'auni ba ne, ba shi da lamba. Tsummokaran fitsarinsa da ke kan igiya sun ragu. Ki ce Allah ya ba ki yaro mai tsafta.

6. Ki je awo da takardarki

Ungozomar za ta zama Saude, wadda kuka zauna benci ɗaya a lakwal, makarantar boko, kina ta ɗaya tana ta goma sha tara. Ni da na je, ta ɗora yaro a sikeli, ta dubi katinsa, ta daina murmushi, ta kira sunana.

"Nazifa, sau nawa yake sha da dare?"

Ki miƙa mata takardar. Za ta karanta har ƙasa.

"Madam Rabat. Ke in kin tuƙa tuwo an bar miki shi kwana uku, ba ki rage awo? Haka jiki yake. Abin da aka sha da dare, shi yake sake dafawa."

Goggo ta saki baki. "Ashe ba kunya ba ce?"

"Littafi ne, Goggo."

"Ni kau ina tsakar gida sauro na ci na!"

Saude ba ta yi dariya ba. Ta ce mako biyu. In layin katin bai hau ba, za ta tura mu babbar likita, wato babban asibiti, a kwantar da shi. A mota, a hanyar gida, na riƙe hannunsa. Zaren ya fita, ya zauna a yatsana.

7. Abin da ke rushe duk aikin

Ki kiyayi wannan, don ni shi ya kayar da ni. Goggo ta mayar da zaren, ta jawo shimfiɗarta jikin tawa. Yaro na motsi, sai in ji ƙafa a haƙarƙari: "Tashi, mai digiri, an buɗe buro." Sau biyar, sau shida, na daina ƙirgawa. Dare huɗu ba wani canji. Safiya ta biyar na farka zane a jiƙe, yaro yana haɗiya har ana ji daga ƙofa.

Ranar awo Saude ta ja layin katin sama. Bayan wata guda zaren ya yi masa shata a hannu. Goggo ta yanke shi da reza, ta sa mini a cikin littafin, ta rufe kwanon kunu da littafin.

Gargaɗi

Wadda ta bi mataki na ɗaya zuwa na shida, ita da Saudenta. Ba ruwana, ba ruwan Rabat, don can ƙididdiga suka koya mini, ba reno ba. Mai ƙorafi ta kai wa Goggo. Kada dai ta zo da hantsi, barci muke, mu uku.