Neman Wuyan Ƙaguwa

Ranar da Alhaji, aminin Kawu, ya zo daga Lyon, na bugi ƙirji zan ciyar da shi ƙaguwa. Na sayo masu rai a kasuwar kifi ta Paris, na rantse ba za mu ci mushe ba, sai na yanka.

Na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla, na juya babbar ina laluben wuyanta. Babu wuya! Nan take ta cafke mini yatsa, ta ƙi saki. Ihuna har hawa na tara.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ana yanka abin ruwa?"

Har yau in Alhaji ya bugo tarho, kafin gaisuwa sai ya ce, "Ina mahaucinmu? An gano wuyan?"