Igwar Hindawiyya

Shekarar da maigidana ya sayo sabuwar motar Amurka mai silinda takwas, ni ne direbansa, kuma a ganina duk Hindawiyya, unguwarmu a Makka, ba wanda ya kai ni sanin inji. Tambaya ɗaya ta hana ni sakat: in da salansa take wannan gudu, ina ga an cire mata takunkumin?

Wata yamma cikin azumi na kawo ta ƙofar gidanmu, na kwance salansar, na ƙara wa kafireta mai. Maƙwabcina Baba Ilu ya ce, "Ɗana, bari a sha ruwa mana."

Na ce, "Baba, bincike ba ya jira."

Na murza makulli. Ta yi tari, sannan ta saki wata ƙara, dum!

To, mutanen Makka da jin igwa suke buɗa baki. Layinmu kaf aka kai dabino baka, rana tana kallonmu. Ana cikin tauna sai igwar gaskiya ta tashi.

Unguwa guda ta rama azumi, ni kuma na zama Ammu Madfa, wato Baba Igwa. Har yau in aka ji ƙara, sai wani ya ce, "Dakata! Madfa yana kan tabarma ko yana ƙarƙashin mota?"